Ban karɓi Ƙarfafawa ba, ga aure ya matso: za a hana ni?

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya: "Fada, an yi mini baftisma ina jariri a ƙauyenmu, na fara karɓar Jibi Mai Tsarki ina firamare. Shekarar da Bishop ya zo ba da Ƙarfafawa ina makarantar kwana, daga nan ban sake bi ta kai ba. Yanzu shekarata 29, saura wata huɗu aurena, katikis ya duba katina ya ce babu konfamesho, babu aure. Gaskiya ne? Kuma mene ne amfaninta? Abokina na wani coci ya ce Ruhu Mai Tsarki ba ya jiran a shafa wa mutum mai a goshi. Wata 'yar'uwa kuma ta ce ai ba wani abu ba ne, tsayawa ce kawai gaban jama'a ka amince da addinin da iyayenka suka zaɓa maka."

Ɗan'uwana, bari mu fara da abin da ya hana ka barci. Rashin Ƙarfafawa, wato konfamesho, sakramentin da Bishop ke shafa wa wanda aka yi wa baftisma mai a goshi, ba ya ɓata aure. Kundin dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983 ya jera abubuwan da idan suna nan aure ba ya ɗauruwa, daga doka ta 1083 zuwa ta 1094: ƙarancin shekaru, kasancewar wani aure da bai rabu ba, kusancin jini, da sauransu. Ƙarfafawa ba ta cikinsu. Dokar da katikis ɗinku yake nufi ita ce ta 1065, sashe na farko, kuma abin da ta ce shi ne Katolikan da ba su karɓi Ƙarfafawa ba su karɓe ta kafin aure, muddin hakan zai yiwu ba tare da babbar wahala ba. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Katikis ya faɗi rabin dokar ya bar rabi.

Amma kada ka ɗauki wannan ka je ka yi masa tsiya. Rabin da ya faɗa gaskiya ne, kuma wata huɗu ba ƙaramin lokaci ba ne. Wanda ke da wata huɗu a hannu da wuya ya ce akwai babbar wahala. Ka je wurin babban Fada na cocinku a wannan makon da katin baftismarka, ka faɗa masa ranar auren. Hanyoyin da ke gabansa suna da dama. Zai iya duba jadawalin ziyarar Bishop ya tura ka wani coci na kusa da za a yi Ƙarfafawa kafin ranar. A wurare da yawa Bishop yakan tara manya irinka a babban cocin dayosis, wato yankin da yake kula da shi, musamman lokacin Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Zai iya kuma rubuta wa Bishop ya roƙi izini shi da kansa ya ba ka, domin doka ta 884 ta ba Bishop damar miƙa wannan iko ga Fada idan akwai bukata. Abin da Fada ba zai iya ba shi ne ya yi gaban kansa. Wanda aka yi wa baftisma a Katolika tun yana jariri, Fada ba ya ƙarfafa shi sai da izinin Bishop, in ba ana fargabar mutuwa ba. Idan ya yi ba izini, kamar ba a yi ba ne. Saboda haka in ya ce maka ka dakata ya ji daga sama, ba jan rai ba ne.

Idan kuma duk ƙofofin nan suka rufe, ana ɗaura auren, Ƙarfafawa ta biyo baya. Gabatarwar littafin ibadar Ƙarfafawa ma ta hango irin wannan: ta ce idan shirin Ƙarfafawa ya haɗu da shirin aure, aka ga mutum ba zai samu shiryawa yadda ya kamata ba, Bishop zai duba ko ya fi kyau a ɗage ta sai bayan aure. Wannan ya fi shafar waɗanda suka riga suka tare bayan auren gargajiya, domin Ƙarfafawa tana bukatar mutum ya je ya furta zunubansa ya samu gafara tukuna, shi kuwa mai wannan zama sai an gyara auren hanyar ta buɗe masa. Ban san halin da kake ciki ba, kai da Fada za ku tattauna wannan a ɗaki.

To, ga babbar maganar. A cikin mutum biyun da suka ba ka bayani, 'yar'uwar nan ta fi abokinka nisa da koyarwar Katolika, ko da yake maganarta ce ta fi yawo a bakin 'yan Katolika, har da wasu masu koyar da katikizim. Ana gaya wa yara cewa a baftisma iyaye ne suka amsa a madadinsu, yanzu sun girma za su amsa da bakinsu. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya, domin a cikin ibadar ana sabunta alkawuran baftisma. Sai dai wannan share fage ne. Sakramentin kansa abu ne da ake yi maka. Ba wanda ke naɗa wa kansa rawanin sarauta. Yakan durƙusa ne, mai ikon naɗi ya naɗa masa, kuma daga ranar nauyin jama'a ya hau kansa. Haka nan a Ƙarfafawa Allah ne mai aikin, Bishop ne hannun da ake gani, kai kuwa mai karɓa ne.

Hujja mafi sauƙi ita ce jarirai. A Ikilisiyoyin Gabas, na Otodoks da na Katolika masu bin tsarin Gabas, Fada yana yi wa jariri baftisma, nan take ya shafe shi da tsarkakakken mai, a yawancinsu har ya ɗiga masa Jibi Mai Tsarki, wato jiki da jinin Almasihu, a baki, duk a zama ɗaya. Kiristoci Kibɗawan Masar suna shafa wa jaririn man a wurare 36 a jikinsa. Roma ta yarda cewa wannan cikakkiyar Ƙarfafawa ce, shi ya sa ɗan Otodoks da ya shigo Katolika ba a sake ƙarfafa shi. Mu ma a tsarinmu na Latin, idan jariri mai baftisma yana bakin mutuwa, kowane Fada yana da ikon ba shi Ƙarfafawa, kuma ya kamata ya ba shi. Jaririn wata biyu wane addini zai tsaya ya amince da shi? Katikizim na Ikilisiyar Katolika na 1992, a lamba ta 1308, ya ja kunne a kan wannan: kada a rikita balagar bangaskiya da balagar shekaru, kuma alherin baftisma kyauta ne da ba ya jiran mutum ya sa masa hannu kafin ya yi aiki.

Me ya kawo ruɗanin? Tarihi ne, kuma ya cancanci a ɗan zauna a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane sakramentin.

A ƙarnonin farko ba a san wata rana daban ta Ƙarfafawa ba. Manya ne galibi ke shiga Ikilisiya, bayan dogon koyo, kuma a daren Ista ake karɓar su. Tertuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 200 cewa idan mutum ya fito daga ruwa ana shafe shi da mai, sannan a ɗora masa hannu ana kiran Ruhu Mai Tsarki. Bayan shekara hamsin da wani abu Sifiriyan, bishop na wannan birni, ya ce ana kawo sababbin masu baftisma gaban shugabannin Ikilisiya domin ta addu'a da ɗora hannu su karɓi Ruhu, a cika su da hatimin Ubangiji. Ruwa, mai, hannun bishop, sannan Jibi: dare ɗaya, ibada ɗaya. A lokacin kusan kowane gari mai Kirista yana da bishop nasa, saboda haka ba a sha wahala ba.

Da addinin ya bazu ƙauyuka bayan ƙarni na 4, jarirai kuma suka zama su ne mafi yawan masu karɓar baftisma, sai bishop ya kasa kasancewa ko'ina. Nan hanya ta rabu biyu. Gabas ta ce a bar ibadar a haɗe, Fada ya yi duka, amma da man da bishop ko babban uban Ikilisiya ya tsarkake. Yamma ta ce a'a, Fada ya yi baftisma, shafewar goshi kuwa a jira bishop. A shekara ta 416 Paparoma Innosan na ɗaya ya rubuta wa Desentiyus, bishop na Gubiyo a Italiya, cewa Fada zai iya shafa wa mai baftisma man Krisma, wato man da bishop ya tsarkake, amma sa alama a goshi na bishop ne kaɗai, ya kafa hujja da labarin Samariya na Ayyukan Manzanni sura 8, wanda za mu zo kansa. Kowane ɓangare ya riƙe abu mai daraja ya saki wani. Gabas ta riƙe haɗin sakramentin da baftisma. Yamma ta riƙe cewa kowane Kirista, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya tsaya gaban magajin manzanni ido da ido.

Farashin da Yamma ta biya shi ne jira. Dayosis a arewacin Turai faɗi gare su, bishop kan doki yake yawo, wani ƙauyen sai ya shekara da shekaru bai gan shi ba. Mutanenmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Dayosis ɗin Maraɗi a Nijar, wanda aka kafa a 2001, ya haɗa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa a hannun bishop guda. A Nijeriya sai a 2023 aka cire Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato. Wanda ya tashi a ƙaramar majami'ar ƙauye da Fada ma sai wata-wata yake zuwa ya san yadda zuwan Bishop yake, kuma ya san yadda yaro ɗaya da ke makarantar kwana zai iya kuskure ranar. Matsalarka ta girmi kakannin kakanninka.

Da tazara ta shiga tsakanin baftisma da shafewar goshi, masu wa'azi suka fara neman yadda za su bayyana wa mutane dalilin dawowa. Wani wa'azin Fentikos da ake danganta wa Faustus, bishop na Riyez a kudancin Faransa a ƙarni na 5, ya ce a baftisma ana haifar mu domin rai, bayan baftisma ana ƙarfafa mu domin yaƙi. Wannan magana ta yi tasiri ƙwarai, daga gare ta aka samu kiran mai Ƙarfafawa sojan Almasihu. A ƙarshen ƙarni na 13 littafin ibada na Durandus, bishop na Mende a Faransa, ya shigo da ɗan marin da bishop ke yi wa mutum a kunci. Tsofaffinmu da suka karɓa kafin 1971 suna tuna shi, wasu har suna tsoratar da jikoki da shi. An cire shi. In ka ga wani Bishop ya ɗan taɓa kuncin yaro yau, wasa ne da sabo, ba ya cikin littafi.

Babban taron bishop-bishop na Katolika a Tirent, a 1547, ya tabbatar da cewa Ƙarfafawa sakramenti ce ta gaskiya, yana mai da martani ga masu gyaran addini, wato Furotestan na farko, da suka ce ba komai ba ce illa yara su faɗi abin da suka koya gaban Ikilisiya. Ka ga ashe ra'ayin 'yar'uwar nan an daɗe da amsa shi. Duk da haka, har zuwa farkon ƙarni na 20 jerin da Roma ta sani shi ne baftisma, Ƙarfafawa wajen shekara bakwai ko sama, sannan Jibi na farko. A 1897 Paparoma Liyo na 13 ya yaba wa bishop na Marsai a Faransa domin ya maido da Ƙarfafawa gaban Jibi. Sai 1910 ta zo, Paparoma Piyus na goma ya sauko da shekarun Jibi na farko zuwa wajen bakwai, abu mai kyau ƙwarai, amma bai ce komai a kan Ƙarfafawa ba. Jibi ya tsallako gaba, Ƙarfafawa ta koma ƙarshe, a hankali aka yi ta tura ta zuwa shekara 12, 14, 16. Da ta zama ta ƙarshe a ajin katikizim, sai mutane suka ɗauke ta bikin sauka. Yaro ya karɓa, ya ɗauki hoto da Bishop, ba a ƙara ganinsa sai ranar aure.

Ni a ganina wannan jerin da muka gada ba shi ne mafi kyau ba. Doka ta 891 har yanzu cewa take a ba da ita wajen shekarun hankali, wato bakwai, sai dai in taron bishop-bishop na ƙasa ya tsai da wasu shekarun. A Amurka an bar wa kowane bishop ya zaɓa tsakanin shekarun hankali da wajen 16, kuma wasu dayosis kamar Fago da Finiks da Denba sun koma tsohon jeri. Na san hujjar masu jinkirtawa: in ka ba yaro da wuri, me zai riƙe shi a aji? Tambaya ce ta gaske, duk mai koyar da matasa ya san zafinta. Amma riƙe sakramenti a matsayin abin jan yara zuwa aji dabara ce da ke koya musu cewa lada ce ta wanda ya ci jarrabawa. Wannan ra'ayina ne, Bishop ɗinka ne mai yanke hukunci a dayosis ɗinsa.

Yanzu abokinka. Ya yi gaskiya cewa Ruhu Mai Tsarki ba ɗaurarre ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 10 Ruhu ya sauko wa Karniliyus da mutanen gidansa Bitrus bai ma gama magana ba, ba ruwa, ba mai, ba ɗora hannu. Katolika ba ta musun wannan, kuma tana koyar da cewa ka karɓi Ruhu tun ranar baftismarka. Amma ka ce masa ya buɗe sura 8, aya 14 zuwa 17. Filibus ya yi wa'azi a Samariya, mutane suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma. Duk da haka manzanni suka taso da Bitrus da Yahaya tun daga Urushalima, suka yi musu addu'a, suka ɗora musu hannu, sannan suka karɓi Ruhu Mai Tsarki. A sura 19 Bulus ya sami wajen mutum goma sha biyu a Afisa, aka yi musu baftisma da sunan Ubangiji Yesu, ya kuma ɗora musu hannu. Wasiƙar Ibraniyawa 6:2 ta lissafa ɗora hannu cikin koyarwar tushe, kusa da baftisma. Su kansu manzannin, Yesu ya hura musu Ruhu a daren tashinsa, amma ya ce su jira a Urushalima sai an tufatar da su da iko daga sama. Allah yana iya bayarwa yadda ya ga dama. Mu kuwa ba mu da hurumin raina hanyar da manzanni suka bi.

Idan ya ce to ina baiwar magana da harsuna, tun da mutanen Afisa sun yi magana da harsuna bayan an ɗora musu hannu, amsar tana 1 Korintiyawa 12:30, inda Bulus ya tambaya ko duka ne ke magana da harsuna, yana nufin a'a. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya taɓo wannan a wa'azinsa kan wasiƙar Yahaya ta fari. Ya ce alamun nan sun dace da zamaninsu, wanda kuwa yake so ya san ko ya karɓi Ruhu ya tambayi zuciyarsa ko yana ƙaunar ɗan'uwansa. Kada ka shiga ranar kana jiran jikinka ya yi rawa. Mai yiwuwa abin da za ka ji kawai shi ne sanyin mai a goshi da zafin rana.

Abin da sakramentin ke yi, Katikizim ya faɗa a lamba ta 1303: yana zurfafa zamanka ɗan Allah, ya ƙara haɗa ka da Almasihu, ya yawaita baiwar Ruhu a cikinka, ya ƙulla ka da Ikilisiya sosai, ya ba ka ƙarfin shaida bangaskiya da baki da aiki ba tare da jin kunyar gicciye ba. Baiwar nan bakwai da kuka haddace, hikima, fahimta, shawara, ƙarfin hali, sani, ibada da tsoron Allah, daga Ishaya 11 aka ɗauko su. Yana kuma barin hatimi a ruhu wanda ba ya goguwa, shi ya sa sau ɗaya ake karɓa, kamar baftisma da naɗin firist. Mutumin da zai riƙe gida, ya yi haƙuri da mace shekara arba'in, ya yanke shawara a kan 'ya'ya, ya zauna lafiya da maƙwabta masu wani addini ba tare da ya ɓoye nasa ba, ban ga wanne daga cikin bakwai ɗin zai ce ba ya bukata ba. Dalilin dokar 1065 ke nan.

Ga yadda ranar take, don kada ka je kana zare ido. Galibi a cikin Misa ake yi. Bayan Bishara za a gabatar da ku, Bishop ya yi wa'azi, ya tambaye ku ko kun ƙi Shaiɗan, ko kun gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ku amsa. Sai ya miƙa hannuwansa a kanku duka, shi da Fadan da ke taya shi, ya yi addu'ar da ke ambaton baiwa bakwai. Daga nan ku shiga layi. A hannunka akwai 'yar takarda mai sunanka, a bayanka akwai mai tsaya maka, hannunsa na dama a kafaɗarka. Idan ka iso, a faɗa wa Bishop sunan. Zai tsoma babban yatsansa na dama a cikin man, ya zana gicciye a goshinka, ya kira sunanka ya ce ka karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki. Ka ce Amin. Ya ce salama ta kasance tare da kai, ka amsa. Bai fi daƙiƙa goma sha biyar ba. Waɗannan kalmomi Paparoma Bulus na shida ne ya tsai da su a ranar 15 ga Agusta 1971, ya ɗauko su daga tsohuwar ibadar Gabas, ya ajiye na Latin da aka daɗe ana amfani da su. Shafewar nan da kalmomin su ne zuciyar sakramentin. Kada ka sa hankici ka goge goshin kana juyawa, ka bar shi ya bushe.

Man kuwa ba kowane mai ba ne. Man zaitun ne, ko wani man tsiro in zaitun ya gagara, an gauraya shi da turaren balsam, shi ya sa za ka ji ƙamshi. Bishop ne kaɗai ke tsarkake shi, sau ɗaya a shekara, a Misar Krisma ta Alhamis Mai Tsarki ko wata rana kusa da ita, dukan Fada na dayosis suna kewaye da shi, har yakan hura numfashi a bakin tulun. Daga nan kowane Fada ya ɗebi na cocinsa. Ko da Fada ne ya ƙarfafa ka da izini, da wannan man zai yi, saboda haka hannun Bishop yana ciki.

Mai tsaya maka, doka ta 874 da ta 893 sun faɗi siffarsa: ya kai shekara 16, ɗan Katolika ne da ya karɓi Ƙarfafawa da Jibi, yana zaman da ya dace da bangaskiya, kuma ba mahaifinka ko mahaifiyarka ba. An fi so ya zama uban baftismarka in yana raye kuma ana iya samunsa. Namiji ko mace duk ya halatta. Don Allah kada ka zaɓi mutum saboda motarsa. Sabon suna kuwa al'ada ce mai kyau amma ba dole ba. Kana iya riƙe sunan baftismarka, wasu ma sun fi son haka. In za ka ɗauka, ka karanta tarihin mai sunan tukuna. Afirka ba ta rasa su ba: Lwanga da Kizito na Uganda da aka kashe a 1886, Bakhita 'yar Sudan, Monika da ɗanta Agustin.

Batun kuɗi, tun da na san zai taso. Doka ta 848 ta hana mai ba da sakramenti neman wani abu fiye da baikon da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, ta kuma ce kada a hana matalauci saboda talaucinsa. Kuɗin anko, kuɗin hoto, gudummawar tarbar Bishop, duk tsare-tsaren kwamiti ne. Mai hali ya bayar da zuciya ɗaya. Marar hali ya gaya wa Fada a asirce, farar riga wankakkiya ta isa.

Abu ɗaya da nake roƙon ka kada ka yi sakaci da shi shi ne rajista. Bayan an ƙarfafa ka za a rubuta sunanka a littafin cocin da aka yi, kuma doka ta 895 ta ce a aika wa cocin da aka yi maka baftisma su rubuta a gefen sunanka. Wannan saƙon ne ya fi ɓata a hanya. Ka karɓi shaidar da hatimin coci, in ka je gida ka kai da hannunka, ka tsaya har a buɗe littafin. Watarana za a nemi ka tsaya wa ɗan wani a baftisma, kuma ba ka iya zama uban baftisma sai da Ƙarfafawa. Tun da za ka nemi sabuwar takardar baftisma daga can saboda auren, ka haɗa tafiyar.

Ba ka faɗi ko amaryar 'yar Katolika ba ce. In ita ce kuma ba ta karɓa ba, ku je tare. In daga wani coci take, aka yi mata baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba za a sake mata baftisma ba. Idan ita da kanta tana so ta shigo Katolika, Fadan da ya karɓe ta yana da ikon ƙarfafa ta a wannan ranar ba sai ya nemi izini ba, ko da ta taɓa yin konfamesho a Angilikan ko Lutheran, domin Katolika ba ta lissafa wancan a matsayin wannan sakramenti. Idan kuma tana so ta zauna a cocinta, ba a tilasta mata, ba a kuma neman Ƙarfafawa daga gare ta. Abin da za ku bukata shi ne izinin Bishop na auren Katolika da wanda ba Katolika ba, bisa doka ta 1124 da ta 1125, kuma Fada ne zai cike takardar ya aika. Wannan ma yana cin makonni, saboda haka ka ambata masa tun a zaman farko.